GAMMON MAI SA KAI: Waƙa da Sharhinta a kan Ɗaukar Nauyin da Ba a Ɗora wa Mutum Ba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan 'yar waƙa ce mai baiti ashirin tare da sharhinta, a kan mutumin da ya ɗauki wani nauyi ya aza wa kansa alhali kuwa babu wanda ya sa shi. An tsara ta domin 'yan'uwa da almajirai na zangunan Kpandai da Salaga da Yendi da Bawku a ƙasar Ghana, da duk wani mai jin Hausa da ta isa hannunsa. Dalilin tsara ta kuwa, cuta biyu ce ta yi yawa a cikinmu. Ta farko noƙewa, watau kowa ya ga ɓarna ya kau da kai, ya ce ba shi aka sa ba. Ta biyu shisshigi, watau mutum ya tsoma hannu cikin abin da yake da mai shi. Muna roƙon Allah ya nuna mana tsakaninsu.

1. Da sunan Ta'ala nake fara zance,
Gwani wanda ba a gudu nai a ɓuya.

2. Salati ga Manzo da alai, sahabbai,
Da duk wanda yab bi su, yak kama hanya.

FASALI NA ƊAYA: Ma'anar sa kai da fuskokinsa biyu

3. Akwai wanda kan tadda aiki a yashe,
Ya sa kai ya ɗauka, ya jure wa kaya.

4. Akwai wanda kan tsoma baki ga komai,
Sharo babu shanu, bulala da kunya.

SHARHI: Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya yi mana muwafaƙa da ni da kai, mutanen nan biyu da aka ambata kamarsu ɗaya a ido, domin kowannensu ya yi abin da ba a sa shi ba. Amma na farko ana ce masa mai sa kai, malamai kuma suna kiran aikinsa taɗawwu'i ko tabarru'i. Na biyu ana ce masa mai shisshigi, ko mai katsalandan, ko mai karambani, malaman fiƙihu kuma suna kiransa fuduli. Hausawa sun yi masa kirari da mai shiga sharo ba shanu, watau ya tara ƙirjinsa ya sha bulala a wasan da ba nasa ba, ya koma gida ba riba sai tabo.

Yaranmu masu karatun boko sun san cewa mutanen Ingila ma suna da wata magana a harshensu mai nufin mutum ya ɗauki abu ya ɗora wa kansa. Su ma fuska biyu gare ta a wurinsu: wani lokaci yabo ce, wani lokaci kuwa habaici ce ga wanda ya yi gaban kansa. Wannan yana nuna maka cewa matsalar ta dukkan 'yan Adam ce. Abin da ya raba yabo da zargi a nan tambaya ce guda: kayan nan a yashe suke, ko kuwa mai su yana nan? Ka riƙe wannan tambaya, domin sauran baitocin duka a kanta suke kewaya.

FASALI NA BIYU: Farillar da ke kan jama'a

5. Farilla idan ta zamo kan jama'a,
Guda in ya tashi ya fanshi na baya.

6. Idan kowa ya noƙe, laifi na kowa,
Da malam, da sarki, da mai tara dukiya.

SHARHI: Farilla iri biyu ce. Akwai farlu aini, wadda take kan kowane baligi mai hankali shi da kansa, kamar salloli biyar da azumin Ramalana. Akwai kuma farlu kifaya, wadda take kan jama'a a dunƙule: in wasu sun tsaya da ita ta faɗi daga wuyan saura, in kowa ya bari duk wanda ya sani kuma yake da iko ya yi laifi. Misalinta wankan mamaci da likkafaninsa da sallarsa da binne shi, da ɗaukar jaririn da aka tsinta a yashe, da ceton wanda zai halaka, da koyon ilmin da gari ba ya wadatuwa ga barinsa, da sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su.

To, duba da kyau. Wanda ya tashi ya wanke gawar baƙon da ya rasu a tashar mota, ba dangi ba sani, a ganin mutane ya ɗora wa kansa abin da ba a ɗora masa ba. A wurin shari'a kuwa da ma an ɗora, sai dai ba a kira sunan kowa ba. Shi ne ya ji kiran ya amsa, ya fanshi unguwa duka. Kuma in ya zamana babu mai iya aikin a wurin sai mutum ɗaya, to, farillar ta koma kansa shi kaɗai, ba shi da sauran zaɓi.

Malamanmu na mazhabar Imamu Malik sun tsananta a nan. Shehu Halilu ya kawo a Muhtasar, cikin babin yanka, cewa wanda yake da ikon kuɓutar da rai ko dukiya daga halaka ya ƙi, ana bin sa lamuni. Haka wanda ya hana rarar abincinsa ko ruwansa ga wanda ya matsu, ko ya hana zaren da za a ɗinke rauni mai kisa, ko ya ɓoye shaidar da za ta tsamo haƙƙin wani. Saboda haka kalmar nan "ba ni aka sa ba" ba kullum take kuɓutar da mai faɗinta ba, ko a gaban alƙali, balle a gaban Allah.

FASALI NA UKU: Koyi da magabata

7. Ka duba Kalimu a bakin ruwan nan
Na Madyan, da yunwa, da ɗimbin gajiya.

8. Ya shayar da dabbobi ba wanda yas sa,
Ya ja gefe, bai nemi lada a duniya.

SHARHI: Kalimu shi ne Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, labarin kuma yana cikin Suratul Ƙasasi. Ya fito daga Masar yana gudun kisa, ba guzuri, ba masauki. Ya iske makiyaya sun yi cunkoso a bakin ruwa, mata biyu kuma sun tsaya nesa suna tsare dabbobinsu. Lura da tsarin aikinsa, domin darasi ne cikakke. Da farko ya tambaye su abin da ke tafe da su. Da ya ji uzurinsu, cewa mahaifinsu tsoho ne kuma ba sa iya cuɗanya da maza, sai ya shayar musu. Da ya gama bai tsaya jiran godiya ba, ya koma inuwa ya kai bukatarsa ga Ubangijinsa. Tambaya, sa'an nan aiki, sa'an nan janyewa. Sakamakon kuwa ya biyo shi har inda yake zaune: aminci, da masauki, da aure.

Haka kuma cikin Suratul Kahfi, bawan Allah nan da Annabi Musa ya bi ya tayar da bangon da zai faɗi a garin da aka hana su abinci, bai karɓi ko anini ba, saboda dukiyar marayu biyu tana ƙarƙashinsa. Amma fa ka kiyaye, shi da kansa ya bayyana cewa ba da ra'ayinsa ya aikata ayyukansa ba. Kada wani ya fasa jirgin mutane ya ce koyi yake yi da shi.

FASALI NA HUƊU: Abin da ƙasarmu ta gani

9. Ka tambai Salaga, garin 'yan fatauci,
Su wa sunka tona dubun nan ta rijiya?

10. Sunayensu sun shuɗe, lada yana nan
Wurin Wanda ba ya tozarta ajiya.

11. Da yaƙi ya ci ta, Umar ya yi himma,
Ya ɗau alƙalam don ya bar ma mu gaskiya.

12. Ina kurkunu, wanda yak karya noma?
Mutanen sa-kai sunka korai da rariya.

SHARHI: Salaga ita ce kakanninmu ke nufi in sun ce za su Gwanja. Ayari yakan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da tufafi da kanwa da kayan fata da dabbobi, ya yi watanni a hanya, ya ratso ta Sansanne Mango da Yendi, ya sauka Salaga ya sayi goron da ake kawowa daga dazuzzukan Asante. Gari ne mai ƙarancin ruwa da rani, ga baƙi ba iyaka, sai aka yi ta tonon rijiyoyi har aka yi masa laƙabi da garin rijiya dubu. Ba mu ce kowace rijiya don Allah aka tona ta ba, domin Salaga kasuwa ce, har da cinikin bayi aka yi a cikinta, wannan kuwa tabo ne da ba a yi masa ado. Abin da baitin yake nufi, duk wanda ya tona don baƙo ya sha, ladansa yana gudana ko da an manta sunansa. Haka maigidan da ya sauki fatake, ya tsaya musu a ciniki, ya yi jinyar wanda ya kwanta, ya binne wanda ya rasu. Da irin wannan aka kafa zango, tun kafin a san wata hukuma mai biyan albashi.

Kasuwar Salaga ta fara rauni bayan Turawan Ingila sun ci Kumasi a 1874, goro ya soma bin wasu hanyoyi kamar Kintampo. A 1892 kuma yaƙin basasa ya tashi tsakanin gidajen sarautar Kpembe, gari ya watse, fatake da malamai suka bazu zuwa Kete-Krachi da Yeji da sauran wurare. Cikin waɗanda suka koma Kete-Krachi akwai Alhaji Umaru ɗan Abubakar, haifaffen Kano wajen 1858, wanda ya zama limami a can, ya rasu a 1934. Babu sarkin da ya naɗa shi marubucin zamaninsa. Shi ya ga abin a yashe ya ɗauka. Ya karantar da ɗalibai da suka bazu cikin zanguna, ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan rikicin Salaga, da zuwan Nasara, da talauci, da annobar mura ta 1918. Har yanzu akwai rubuce-rubucensa a ajiye a Jami'ar Ghana da ke Legon. Da ya ce ba shi aka sa ba, da abu mai yawa na tarihinmu ya bi iska.

Kurkunu kuwa dattawanmu sun san shi. Mutum ya sha ruwan tafki mai ɗauke da ƙananan ƙwari, bayan kamar shekara guda tsutsa mai tsawon da kan kai mita ɗaya ta huda ƙafarsa. Zafi ya sa shi tsoma ƙafar cikin tafki don ya ji sanyi, nan take tsutsar ta zuba 'ya'yanta, gari duka ya sake sha. Ba shi da allura, ba shi da ƙwayar magani. A 1989 an ƙirga masu ɗauke da shi kimanin 180,000 a Ghana, arewacin ƙasar kuma ya daɗe yana fama da shi bayan ya ragu a kudu. Hukumar lafiya ta ƙasa da Cibiyar Carter ta Amurka da wasu ƙungiyoyi sun kawo tsari da kayan aiki, amma ƙafar da ta taka gida gida ta 'yan sa kai ce na ƙauyuka, maza da mata. Su ne masu raba ƙyallen tace ruwa, wanda baitin ya kira rariya, su ne masu ɗaure miki, su ne masu lallashin mai ciwo kada ya shiga tafki, su ne masu kai rahoto. An ga mutum na ƙarshe mai kurkunu a Ghana cikin watan Mayu na 2010, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa ƙasar ta rabu da shi. Ga farlu kifaya a fili, ya ɗan'uwa: mutane kaɗan sun tashi, miliyoyi sun huta.

FASALI NA BIYAR: Sharuɗɗan ɗauka

13. Gabanin ka ɗauka ka duba guda uku:
Sani, sai iyawa, da tsarki na niyya.

14. Abin duk da mai shi yake nan a zaune,
Ka bar shisshigi, je ka fara da tambaya.

SHARHI: Sharaɗi na farko sani. Wanda bai san hukuncin wankan gawa ba ya koya tukuna, wanda bai san magani ba kada ya ba mara lafiya, domin malamai sun ce mai yin likitanci ba da sani ba in ya yi ɓarna sai ya biya. Kyakkyawar niyya ba ta mayar da guba ta zama zuma. Na biyu iyawa. Wanda bai iya iyo ba, in ya ga mutum yana nutsewa a kogin Oti ko Daka, aikinsa ya yi kururuwa ya miƙa gora ko igiya. In ya faɗa, gawa ta zama biyu. Wannan shi ne ɗaukar Dala ba gammo. Kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: sau da yawa sa kai na gaskiya shi ne mutum ya zama na farkon kiran gayya. Na uku niyya, watau ya zama don Allah. Alamarta kuwa, in wani ya riga ka yin aikin, ka ji daɗi a zuciyarka. In ka ji haushi, to, suna kake nema.

Malamai sun ƙara wani sharaɗi a babin horo da kyakkyawa da hani ga mummuna: kada gyaran ya jawo ɓarnar da ta fi wadda ake son kawarwa. In zai jawo, barinsa shi ne wajibi.

Baiti na goma sha huɗu yana magana a kan fuduli. Misali, maƙwabcinka ya tafi Tamale ya bar doyarsa a rumbu a Kpandai, sai ga masu manyan motoci daga kudu suna saye da tsada, kai kuwa ka sayar masa ba da saninsa ba, kana ganin alheri ka yi. A mazhabarmu cinikin nan a rataye yake: in ya dawo ya yarda ya zartu, in ya ƙi sai a warware. Ka jefa kanka cikin rigima, ka jefa mai saye. A wannan zamani da waya take aljihun kowa, uzurin rashin tambaya ya yi ƙaranci ƙwarai. In kuwa kaya za su lalace kuma an rasa mai su, sai a kai maganar ga alƙali ko shugaban gari, a kafa shaidu. Haka tsintuwa: ka ɗauke ta don ka tsare wa mai ita, ka yi cigiya shekara guda a ƙofofin masallatai da kasuwanni. Ɗaukar tsarewa amana ce, ɗaukar mallaka cin haram ne, ko da yake hannu ɗaya ne ya ɗauka.

FASALI NA SHIDA: Lokacin fitina, da abin da ba a nema

15. Wuta in ta tashi tsakanin ƙabilu,
Ka kawo ruwa, kar ka kai masu ƙarya.

16. Hukunci da fatwa da mulki amana,
Ka nisance, sai in a kanka ta tsaya.

SHARHI: Babu inda wannan darasi ya fi nauyi kamar nan, domin ƙasarmu ta ɗanɗana. A 1991 an yi faɗa a Kpandai tsakanin Nawuri da Gonja a kan mallakar ƙasa. A farkon 1994 gardama a kan cinikin zabo a kasuwar Nakpayili, kusa da Bimbilla, ta zama yaƙin da ya ci rayuka fiye da dubu, ya raba mutum kimanin 150,000 ko fiye da gidajensu. Zabo ƙyastu ne kawai, makamashin kuwa tsohuwar jayayya ce ta ƙasa da sarauta. A Yendi an kashe Ya Na Yakubu Andani na biyu cikin watan Maris na 2002. A Bawku jayayyar sarauta tsakanin Kusasi da Mamprusi ta faro tun wajen 1957, ta ci rayuka masu yawa. Wannan littafi ba ya yanke wa kowa hukunci a cikin waɗannan, domin ba hurumin mai shi ba ne.

A kowace fitina akan sami masu sa kai iri biyu. Akwai wanda ya ɗora wa kansa ɗaukar labari daga wannan zaure zuwa wancan, an ce an kashe wane, an ce suna tafe da dare, bai gani ba, bai tabbatar ba. Akwai saurayin da ya naɗa kansa mai ɗaukar fansa, ya tare hanya ya kashe matafiyin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Waɗannan sun ɗauki kayan da za su danne su ranar tsayuwa. Akwai kuma wanda ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaki ko da ba ƙabilarsu ɗaya ba, ko addininsu ɗaya, da wanda ya ciyar da 'yan gudun hijira, da wanda ya ji jita-jita ta mutu a kunnensa. Bayan yaƙin 1994, ƙungiyoyin agaji masu aiki a arewa, waɗanda asalin aikinsu ruwa ne da noma da taimako, sun haɗa kai suka gayyato masu sulhu daga Nairobi ta ƙasar Kenya, aka yi ta zama da wakilan ƙabilu a Kumasi har aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya a 1996. Sun tara mutane a tabarma ɗaya, amma ba su yanke wa kowa hukunci ba, masu abu ne suka daidaita da bakinsu.

Maganar Yendi kuwa da yake ta gadon sarauta ce, manyan sarakuna uku hukuma ta ɗora wa, watau Asantehene Otumfuo Osei Tutu na biyu, da Nayiri, da Yagbonwura, kuma sai a watan Janairu na 2019 aka naɗa sabon Ya Na. Kusan shekara goma sha bakwai ke nan. Abin da ya ɗauki sarakuna wannan tsawon lokaci, yaya ɗan shayi zai yanke shi a zama ɗaya?

Wannan shi ya kai mu baiti na goma sha shida. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya hana Abdurrahman ɗan Samura neman shugabanci, ya sanar da shi cewa mai nema akan bar shi da abinsa, wanda aka ba kuwa ba da roƙo ba akan taimake shi. Saboda haka mutum ba ya naɗa kansa alƙali, ko mai fatawa, ko limami a kan mutanen da ba su gabatar da shi ba. 'Yan'uwa kuma sun san cewa a ɗariƙa ba a zama muƙaddami sai da izini. Togiya ɗaya ce, ita ce in abin ya tsaya a kanka. Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nemi riƙon rumbunan Masar domin yunwa tana tafe kuma babu mai iyawa sai shi. Halidu ɗan Walidu, Allah ya yarda da shi, ya karɓi tuta a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan hijira, bayan shugabanni uku da aka naɗa sun yi shahada, ya fitar da rundunar daga halaka. Kafin ka ce kai ne Yusufun garinku, bari waɗansu su faɗa.

FASALI NA BAKWAI: Kai kaya masauki

17. Idan ka aza, to ka kai shi masauki,
Da sa kai da bauta, sa kai ya fi wuya.

18. Ka sauke, ka kau, kar ka zauna jiran yabo,
Da gori akan mai da lada ya zam tsiya.

SHARHI: Hausawa sun ce sa kai ya fi bauta ciwo. Wanda aka tilasta yana da wanda zai yi wa ƙorafi, wanda ya sa kansa kuwa wa zai kai wa ƙara? Kuma da zarar ka ɗauka, saura sun saki, sun dogara gare ka. In ka yar a tsakiyar hanya, ɓarnar ta fi ta wanda bai taɓa ba tun farko, domin da ba ka tsaya ba da wani ya tsaya.

Fiƙihunmu ya san wannan. A mazhabar Malik akwai ibadu bakwai da in mutum ya shiga nafilarsu cikawa ta wajaba a kansa: salla, da azumi, da hajji, da umra, da ɗawafi, da i'itikafi, da bin liman. Haka wuridi, babu wanda aka tilasta wa karɓa, amma wanda ya karɓa ya ɗaure kansa da alkawari. A wajen ma'amala kuma Imamu Haɗɗabi, wanda ya rasu a shekara ta 954 bayan hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan wannan, mai suna Tahrirul Kalami fi Masa'ilil Iltizami. Ƙa'idar da ya gina shi a kanta ita ce, wanda ya lazimta wa kansa wani alheri ya zama tilas a kansa, muddin mutuwa ko karyewar arziki ba su riske shi ba. Saboda haka wanda ya miƙe a gaban jama'a ranar sadakar uku ya ce marayun nan cinsu da karatunsu yana wuyansa, ya sani ba ado ya yi wa taro ba, bashi ya ci. Gara ka ɗauki yaro ɗaya ka kai shi ga balaga da ka ɗauki biyar ka watsar bayan arba'in. In kuwa rauni ya same ka na gaskiya, kada ka sulale a ɓoye, ka faɗa wa jama'a, ka miƙa kayan hannu da hannu.

Sa'an nan in ka sauke, ka tsare ladanka daga gori da riya, domin Alƙur'ani ya yi gargaɗi cikin Suratul Baƙara cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka. Wanda ya gyara rijiyar unguwa bai zama mai rijiya ba. Wanda ya share masallaci shekara ashirin bai sayi sahun gaba ba. Mutane za su manta, wasu ma su zarge ka, su ce da wata manufa ka yi. Wannan yana cikin nauyin kayan, haƙuri kuma shi ne gammonsa. Alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.

RUFEWA

19. Ilahi ka ba mu kafaɗa da ƙarfi,
Ka zaunar da Ghana, da mu duk, da lafiya.

20. Tamat, na cike ta da gode wa Allah,
Salati ga Ɗaha, Ma'aiki na shiriya.

To, ya ɗan'uwa, taƙaitawar darasin ita ce wannan. In ka ga abu a yashe, kuma ka sani, kuma kana iyawa, ɗauka, kada ka jira a kira sunanka. In abin yana da mai shi, tambaya. In hukunci ne ko fatawa ko mulki, ja da baya har sai an gabatar da kai ko ya tsaya a kanka. In ka ɗauka ka kai, in ka kai ka yi shiru. Malamin da zai karantar da wannan a zaure ya sa kowane almajiri ya ambaci abu ɗaya da ke yashe a unguwarsu, ko kwatar da ta toshe, ko tsohuwar da ba ta da mai ɗebo mata ruwa, ko makabartar da ciyawa ta cinye, ko mutum biyu da suka daina gaisawa, sa'an nan a auna shi da sharuɗɗan nan kafin Juma'a mai zuwa.

Allah ya sa mu cikin masu amsa kira, ya tsare mu daga noƙewa da shisshigi, ya jiƙan malamanmu da iyayenmu, ya kashe wutar fitina a Bawku da duk inda take ci. Allah shi ne mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Amin.